Mu san mai gyaran famfonmu tun kafin famfo ya lalace

Ƴan uwa manoma da makiyaya na Matankari da kewaye, in za mu aurar da ɗiya, sai mun bincika asalin yaro da halinsa. Amma famfon da gari duka yake sha, mukan miƙa shi ga duk wanda ya zo da jakar kayan aiki a bayan babur, ba tambaya. A ganina wannan sakaci ne. Ya kamata kowane kwamitin ruwa ya san mai gyaransa, ya san inda ya koyi aiki, ya kuma san halinsa.

Daga 1981 zuwa 1990, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekara 10 domin samar da ruwan sha mai tsabta. A lokacin an haƙa rijiyoyin burtsatse masu yawa a karkarar Nijar, waɗanda muke kira foraji. Ruwa mai tsabta yana cikin abubuwan da suka kori kurkunu. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Nijar ta rabu da wannan ciwo. Amma zawo yana nan, kwalara ma ba ta tafi ba. A 2021 ta kama mutane a jihohin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Doso. Ranar da famfo ya tsaya, mata sukan koma tabki ko buɗaɗɗiyar rijiya, yara kuma su ne farkon kwantawa. Saboda haka lafiyar ƴaƴanmu tana hannun mai gyara.

Tambaya ta fari ita ce: wane irin famfo ya koya? Famfo iri-iri ne. Vergnet da ƙafa ake taka shi. India Mark II da hannu ake buga shi. Volanta kuwa babbar ƙafa gare shi da ake juyawa. Cikinsu ba ɗaya ba ne, kayan gyaransu ma haka. A India Mark II, in robar da ke ƙasa ta cinye, sai an fiddo bututu da sandunan ƙarfe ɗaya bayan ɗaya. Suna da nauyi ƙwarai. In suka kuɓuce suka faɗa cikin foraji, fiddo su babban aiki ne. Wanda ya iya gyaran babur ko injin ban ruwa na garka bai zama lalle ya iya wannan ba. Mu tambaye shi wa ya koya masa. Mu tambayi ma'aikatar ruwa ta Dogondutsi ko ta Tibiri ko sun san shi. Mu aika garuruwan da ya yi wa aiki, mu ji ta bakinsu.

Tambaya ta biyu ita ce halinsa. Hali zanen dutse ne, a wurin aiki ake ganinsa. Mai gyara na ƙwarai yana zuwa ranar da ya yi alkawari. Yana faɗin kuɗin kaya dabam, ladan aikinsa dabam, tun kafin ya kwance ko ƙusa ɗaya. Yana nuna wa kwamiti tsohon abin da ya cire. Ba ya shimfiɗa bututu cikin kashin dabbobi, domin abin da ya taɓa bututu shi za mu sha. Ba ya ɓoye saninsa: yakan koya wa mai kula da famfo sa mai da ɗaure abin da ya saki. Sakataren kwamiti ya rubuta ranar gyara, da abin da aka sauya, da kuɗin da aka biya. Littafin zai nuna ko gyaran yana daɗewa.

Wasu za su ce yawan tambaya raini ne, kuma mai ƙishirwa ba ya da lokacin bincike. Gaskiya ne, ranar da ruwa ya yanke ba ranar bincike ba ce. Shi ya sa za a yi shi tun famfo yana aiki. Mai gaskiya kuwa ba ya ƙin a tambaye shi, domin tambayar ita ce take raba shi da ɗan damfara.

Shi ma yana da hakki a kanmu. Magidanci ne, da gonarsa da iyalinsa. In ya bar noma ranar damina ya zo garinmu, a biya shi nan take, kada a ce sai kaka. Garin da ba ya biya, ba ya samun mai gyara da wuri.

Don haka, mai gari da kwamitin ruwa, ku kira mai gyaranku cikin wannan wata, ku zauna da shi a gaban jama'a, maza da mata. Ku kuma zaɓi matashi ɗaya mai amana ya riƙa bin sa yana koyo. Rigakafi ya fi magani.