A sanar da matan Jos hanyoyin rage zafin naƙuda tun a ɗakin awo

A Jos Jarawa, kamar sauran unguwannin Jos, ana yaba wa macen da ta haihu ba a ji muryarta ba, musamman a haihuwar fari. Kunya da dauriya halaye ne masu kyau, amma sun sa mata da yawa suna shiga ɗakin haihuwa ba su taɓa jin cewa akwai hanyar rage zafin naƙuda ba.

Batun ba sabo ba ne. A 1853 likita John Snow ya shaƙa wa Sarauniya Victoria ta Ingila kulorofom lokacin da take haihuwar ɗanta Leopold. A 2018 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a rage wa mai naƙuda zafi idan ta buƙata, ta hanyar allurar baya da ake kira epidural, ko allura irin su pethidine, ko tausa, gashi da ruwan ɗumi da dabarun numfashi. Ta kuma ce a bar ta da wanda ta zaɓa ya zauna kusa da ita.

Masu ɗari-ɗari da waɗannan magunguna suna da hujja. Pethidine yana ratsa mabiyiya ya isa ga jariri. Idan haihuwa ta zo yana cikin jininsa, yakan fito da raunin numfashi, da yawan barci, da kasalar kama nono. Shi ya sa ake lura da lokacin bayar da shi, kuma dole a sami ma'aikacin da ya iya farfaɗo da jariri a kusa.

Epidural ta fi kowace hanya kashe zafi, kuma abin da ke kaiwa ga jariri daga maganin kaɗan ne. Sai dai takan saukar da bugun jinin uwa, takan ɗan tsawaita lokacin yunƙuri, wani lokaci ta kawo zazzaɓi ko ciwon kai. Bincike bai nuna tana ƙara yawan tiyatar ciro jariri ba, bai kuma nuna tana barin ciwon baya na dindindin ba, saɓanin abin da ake yaɗawa. Matsalarta ita ce tana buƙatar ƙwararren likitan kashe zafi da sa ido a kai a kai, abin da ƙaramin asibitin unguwa ba zai iya ba.

Barin mace cikin azaba ma yana da nasa illar. Takan galabaita kafin lokacin yunƙuri, kuma wadda ta sha wuya ba mai lallashi tana iya gwammace haihuwar gida a cikin gaba, inda zubar jini ko jijjiga ke iya zuwa babu mai taimako.

Jos ba ta rasa manyan asibitoci ba: akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos a Lamingo, da Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, da na Jami'ar Bingham. Ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta jihar ta haɗa kai da su wajen horar da ungozomomi, ta sa bayanin rage zafi cikin darasin awon ciki da Hausa da sauran harsunan jihar, tare da faɗin kuɗin kowace hanya. Magidanta su ma su riƙa tambaya. Wadda ta zaɓi ta daure a girmama zaɓinta, wadda ta nemi sauƙi kuma kada a gorantar mata.