Ƙwallon kwando: a nemo yaran Kurfai tun suna ƙanana

A shekarar 2019 ƙungiyar ƙwallon kwando ta Nigelec ta fita da sunan Nijar zuwa wasannin share fage na gasar ƙungiyoyin Afirka da ake kira BAL. Ta yi iyakar ƙoƙarinta, amma da aka buɗe babbar gasar a Kigali cikin 2021, ba ta cikin ƙungiyoyi 12 da suka shiga fili. Duk da haka an ga ɗan Nijar a can, wato Abdoulaye Harouna, sanye da rigar FAP ta Kamaru. Da shekara ta zagayo kuma ya buga wa AS Salé ta Maroko. Ashe ƙasar nan tana haihuwar gwanaye. Yawansu ne bai kai su cika ƙungiya guda ba.

Masu sha'awar wasan sukan tambaya yaushe ƙungiyar Nijar za ta ciwo kofin Afirka. Amsar tana garuruwa irin Filinge, wadda ke cikin Dallol Boso, wajen kilomita 180 daga Yamai. Muddin a babban birni kaɗai ake neman ƴan wasa, to, daga rijiya ɗaya ake ɗiba.

Kokowa ta riga ta nuna hanya. Tun 1975, lokacin da aka yi gasar ƙasa ta farko a Tawa, babu ɗan kokowar da ya tashi daga gidansu ya faɗa fagen takobi. Yakan fara a dandalin ƙauye bayan girbi, dattawa su lura da shi, a gwada shi a gunduma, sa'an nan jaha ta zaɓe shi. Mutanen Kurfai kuwa suna da wani misali a ƙofar gida. A tashar kiwo ta Tukunus, arewa da Filinge, an daɗe ana zaɓen maruƙan Azawak, a rubuta asalinsu, a jira shekaru kafin a ga amfani. Ba a haɗa ɗan mutum da dabba, amma haƙurin iri ɗaya ne.

Kada tsada ta zama hujja. Filin wasan mita 28 ne a tsawo, 15 a faɗi. Ana rataya kwando a mita 3,05 ga manya, 2,60 ga yara. Siminti ne, da alluna biyu, da ƙarfen da mai walda na gari zai iya lanƙwasawa. Abin da ya fi wuyar samu shi ne malami mai zama, wanda zai buɗe fili kowace yamma, ya koya wa yaro da yarinya riƙon ƙwallo da hannu biyu, ya rubuta tsawonsu a littafi duk shekara. Makarantar INJS ta Yamai tana horar da malaman wasanni. Sai a turo su, a kuma ba su abin aiki.

Wani zai ce ai Hakeem Olajuwon na Legas sai da ya kai shekara 15 ya fara, ya kuma ci kofin NBA na Amurka a 1994 da 1995. Gaskiya ne, amma kafin nan ya daɗe yana tsaron gida a ƙwallon ƙafa, ga kuma wanda ya gan shi ya kira shi fili. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

An sani rashin tsaro ya rufe makarantu da yawa a jahar Tilaberi, ɗalibai sun kwararo manyan garuruwa tare da iyayensu. Wannan ma dalili ne na gaggawa, domin yaron da ya bar ƙauyensu yana bukatar wurin zuwa bayan la'asar.

Ya kamata hukumar FENIBASKET da hukumomin gundumar Filinge su zauna tare su tsayar da gasar makarantu ta ƴan ƙasa da shekara 15, maza da mata, a riƙa yin ta lokacin sanyi, a kuma gayyato masu horar da ƙungiyoyin Yamai su zo kallon wasan ƙarshe.