Mai Son Ƙaga Labarin Baƙar Gobe, Ya Fara da Layin POS

Akwai wani wasa da bai yaɗu a ƙasar Hausa ba tukuna, amma ina fatan ya yaɗu. Mutum huɗu ko biyar ne za su kewaye tebur, kowa ya ari halin wani mutum na ƙage, ɗaya kuma ya zama alƙalin wasa, shi ke jan labari yana faɗin abin da ya biyo bayan kowane mataki. Idan wani ya ce zai haura katanga, sai ya jefa ɗan ludo mai fuska goma, lambar da ta fito ta nuna ya haura ko ya faɗo. Ba a zuba kuɗi, don haka ba caca ba ce. Cikin fitattun wasannin nan akwai Cyberpunk, wanda Ba'amurke Mike Pondsmith ya fitar a 1988, ya sabunta shi a 1990 da sunan Cyberpunk 2020. Daga jikinsa aka ciro wasan kwamfuta Cyberpunk 2077 da ya fito a Disambar 2020.

A duniyar wasan, fasaha ta kai ƙololuwa, talaka kuma ya kai ƙasa. Kamfanoni irin su Arasaka da Militech sun fi gwamnati ƙarfi, kowa ta kansa yake yi. Babban aikin alƙali shi ne ya sa 'yan wasa su ji ɗacin wannan rayuwa har cikin ƙashi. Da yawa daga masu gwada irin wannan labari sukan ɗauka cewa in an cika shi da ruwan sama mara yankewa, da fitilu masu launi, da harbi da jini, to an gama. Ni a ganina wannan ado ne kawai. Abin da ke sa labari ya yi duhu shi ne bashi, da kuma tilas ta zaɓi tsakanin abubuwa biyu da babu na daɗi a ciki.

Dokokin wasan kansu sun nuna haka. Duk lokacin da aka dasa wa mutum hannun ƙarfe ko idon na'ura, ana rage masa makin ɗan'adamtaka, in ya zarce iyaka tausayi ya fita daga zuciyarsa, hankalinsa ya gushe. Akwai kuma motar asibiti mai tashi ta kamfanin Trauma Team, wadda ke dira cikin mintuna da dakaru da likitoci, amma sai ga wanda ya biya kuɗin rajista. Na kusa da shi da bai biya ba, tsallake shi za a yi. Wanda ya taɓa tsayawa da mara lafiya ana ce masa sai ya ajiye kuɗi kafin a taɓa shi, ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan doka.

Shi ya sa nake cewa ɗan Kazaure ko Roni da ke son jan irin wannan wasa ba sai ya aro titunan Tokiyo ba. Tun zamanin Gwamna Saminu Turaki ake koyar da kwamfuta a cibiyar Informatics ta Kazaure. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu, ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka ba Babura a 2021, ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka shata ta Kazaure. Amma leƙa shagon caji da yamma: wayoyi jere a kan katako, kowace da 'yar lamba manne da salatif, janareta na ruri, mai shago yana lissafin abin da fetur ya ci. Fasahar duniya tana aljihun mutum, wutar kunna ta kuwa sai ya saya.

Mun ga fiye da haka. A Afrilun 2022 an toshe kira daga miliyoyin layukan da ba a haɗa da lambar NIN ba. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, manomi daga ƙauyukan Gwiwa zai sayar da akuyarsa, a ce an tura masa kuɗi, ya wuni a layin POS, sannan a yanki kaso mai tsoka kafin a miƙa masa guminsa. A Agustan shekarar, bayan juyin mulkin Nijar, aka rufe iyaka har zuwa Maris na 2024, mutanen Babura da ke da surukai da abokan ciniki a tsallake suka wayi gari an raba su. A duk waɗannan babu mugun da za ka nuna da yatsa. Amsa ɗaya ce: “Netiwok ya ɗauke,” ko “Daga sama aka ba da umarni.” Maƙiyin da ba shi da fuska ya fi ɗan bindiga karya zuciya.

To ga yadda zan shawarci alƙalin wasa ya yi. Kafin ya ba kowane ɗan wasa makami, ya ba shi wanda yake ciyarwa da kuma wanda yake bin sa bashi. A ce muna Kazaure a 2060. Ga mai gyaran waya da ciwo ya cinye masa ido, wani kamfani ya dasa masa na na'ura a kan bashi, duk watan da bai biya ba a kashe idon daga nesa. Wata biyu ya wuce bai biya ba. Sai wakilin kamfani ya zo, ya gaishe shi cikin ladabi, ya ce za a yafe bashin duka in ya ba da sunayen 'yan acaɓar da ke tsallakar da magani ta iyakar Babura. Ɗaya daga cikinsu ƙanin matar mai gyaran wayar ne. A nan alƙali ya yi shiru, ya bar ɗan wasa da zuciyarsa. Ko ya miƙa ko ya ƙi, kada a bari ya fita ba tabo. Ba a harba ko harsashi ɗaya ba, amma babu wanda zai tashi daga teburin nan yana dariya.

Na san wani zai ce rayuwa ta ishe mu da ɗaci, kuma mumini ba ya yanke ƙauna. Gaskiya ne, kuma adabinmu ya daɗe da sanin mafita. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, abin da ke sa kuka shi ne uwar da ta bi sawun ɗanta har ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi. Ƙaunarta ce ta ba duhun nauyi. Haka wasan yake. In kowa a labari maci amana ne, 'yan wasa za su daina damuwa da kowa, duhun ya zama wasan yara. Dole a bar mai shayin da ke ba da bashi ba tare da gori ba, da uwar adashen da ke rufa asiri, don a sami abin da ake tsoron rasawa. Sannan a yi magana tun kafin a fara: in akwai wanda 'yan bindiga suka taɓa ɗauke masa ɗan'uwa, kada a mai da ciwonsa abin nishaɗi.

Ɗaliban da ke karatu a Kazaure da Babura yau su ne gobe za su rubuta manhajar banki, da ta asibiti, da ta ba da rance. A hannunsu za a yanke ko na'ura za ta saurari uzurin wanda ya gaza biya, ko za ta rufe shi nan take. Ina so kowannensu ya zauna a kujerar mai gyaran wayar nan ko da na dare ɗaya ne, kafin a ɗauke shi aikin rubuta umarnin kashe idon.