Dutsen Agadas: ko an maido mana shi gobe, wa zai karanta shi?



Akwai maganar da ta tsaya mini a wuya tun ranar da muka buɗe layi a kan dutsen nan na Agadas. Lokacin shiri bai ishe ni in faɗe ta ba, shi ya sa na kawo ta nan inda talla ba ta katse mutum.

Ga wanda labarin ya wuce shi: a ranar 16 ga Nuwamba 2023 wani mai farautar duwatsun sama ya tsinci wani dutse a hamadar jihar Agadas, wajen kilomita 90 yamma da Chirfa. Nauyinsa ya ɗara kilo 24 da rabi. Bincike ya nuna ɓallin duniyar Mars ne, kuma ba a taɓa samun wanda ya kai shi girma a doron ƙasa ba. A ranar 16 ga Yuli 2025 gidan gwanjon Sotheby's da ke New York ya saida shi dala miliyan 5 da dubu 300. Dalar Amurka fa, ba dalarmu ta tamma biyar ba. In ka juya shi sefa, kusan miliyar 3 ke nan. Gwamnati ta ce a yi bincike kan yadda ya fita, daga baya aka dakatar da fitar da duwatsu masu daraja da duwatsun sama. Su ko masu gwanjon suka ce an bi ƙa'ida wajen fitar da shi.

To, ranar da muka buɗe layi, duk wanda ya kira miliyar ukun nan yake lissafi. Wannan ya ce da an gina asibiti, wancan ya ce rijiyoyi nawa za a haƙa. Ban ga laifinsu ba, ni ma na yi wanga lissafi a zuciyata. Amma da na ce, jama'a, ku bari mu yi maganar yaranmu da za su iya karanta irin wanga dutse, sai wani bawan Allah ya kira yana dariya, ya ce: "Malam, mu da ba mu gama da maganar hatsi ba, kai za ka kai mu Mars?" Aka yi ta yi mini saƙo ana cewa ya faɗi gaskiya.

Bai faɗi gaskiya ba. Kuma irin wagga dariya ce ta sa dutsen ya tafi.

Ku bi sawun dutsen ku gani. Daga hamada ya shiga hannun dillali. Aka yanki ɗan guntu aka aika Shangai ta ƙasar Sin, can aka tabbatar daga Mars yake. Masanan jami'ar Florence a Italiya suka yi nazarinsa. Aka baje shi a Roma mutane suka kalla. Sannan New York. A duk wanga jeri, ina ɗakin binciken Nijar? Wanda ya tsince shi da waɗanda suka fara saidawa sun san dutse ne mai kuɗi. Wanda ya san ko mine ne, shi ya yanke farashin gaske. Kaza ce ta kwana kan dami.

Har sunansa ma ya isa ya ba mu kunya. A ƙa'idar masana, dutsen sama yana ɗaukar sunan wurin da ya faɗo ko inda aka same shi. Maƙwabtanmu na Katsina suna da nasu: a watan Oktoba 1962 wani dutse mai kilo 18 ya faɗo kusa da wani manomi a Zagami, shi ma daga Mars yake, kuma har yau duk wani ɗalibin wanga fanni a duniya sai ya furta sunan ƙauyen Zagami. An ma ɗora ƴar ƙwayarsa a kumbon Mars Global Surveyor a 1996, ta koma wajen gida. Namu kuwa sunansa NWA 16788. Wato "arewa maso yammacin Afirka", sai lamba. Suna ne da galibi ake laƙaba wa duwatsun da suka bi ta hannun ƴan kasuwa. Babu Agadas a ciki, babu Chirfa, babu Nijar. Kamar lambar mota.

Ƴan Tawa, ku ma in tambaye ku. A ranar 21 ga Agusta 1991 dutse mai kilo 110 ya faɗo a jiharku, masana suna kiransa da sunan dutsen Tazerzait. Ba daga Mars yake ba, irin waɗanda suka rage ne tun lokacin da rana da duniyoyinta suke haɗuwa, shekara wajen miliyar 4 da rabi, ya girmi duk wani dutse da kuka taɓa takawa. A cikinku wa aka taɓa faɗa wa haka a lakkol? Ni dai na yi lise na gama, mun haddace duwatsun wuta na Faransa, ba wanda ya ambace shi. Na tuna ma wani abokin ajinmu da ya ce yana son ya karanci taurari, mushe ya ce masa ya fara sauko ƙasa tukuna, aji ya ɗauki dariya. Yau yana saida kayan gyaran babur, yana rufa wa kansa asiri. Ba ina cewa da ya zama wani babba ba. Ina cewa ba a bar shi ya gwada ba.

Wani zai ce, yaya ma aka san daga Mars yake, ba ƙaryar Nasara ba ce don su tsawwala kuɗi? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ita ce aikin da nake magana a kai. A 1976 kumbunan Viking guda biyu sun sauka a Mars sun auna iskar can. A 1983 masana suka gano iska maƙale cikin ƴan ƙananan gilasai a jikin wani dutsen sama da aka tsinta a ƙanƙarar Antaktika, suka auna, ta yi daidai da wadda Viking ya auna. Daga nan aka san dangin duwatsun, ana gane sauran ta sinadaransu. Yadda suke zuwa kuwa: wani ƙaton dutse ya daki Mars da ƙarfin da zai watsa ɓaraguzai su wuce gudun kilomita 5 a daƙiƙa, su kuɓuce, su yi ta yawo a sarari har wani ya ci karo da duniyarmu. A cikin duwatsun sama sama da 77.000 da aka yi wa rajista, na Mars wajen 400 ne kawai. Amurka tana da motar bincike Perseverance a Mars tun 2021 tana tara samfuran da duka-duka ba su kai kilo ɗaya ba, kuma an ƙiyasta kawo su duniya zai iya cin dala miliyar 11. Gaskiya nasu zaɓaɓɓu ne, sun san ramin da aka ciro kowane. Amma dai mu kilo 24 Allah ya aje mana a kan rairayi kyauta.

Kuma ba shi ne na ƙarshe ba. Hamada tana adana irin waɗanga duwatsu don babu ruwan da zai sa su tsatsa, ga baƙin dutse a kan farar ƙasa ana hango shi daga nesa. Tun da aka buɗe zinariyar Jado a 2014, dubban samarinmu ke ratsa waɗannan wurare da na'urar neman ƙarfe a hannu, da yawansu ƴan Maraɗi da Damagaram da Tawa ne. Ƙannenmu ne ke taka duwatsun nan. Na tambaya a iska: in ɗayansu ya tsinci dutse gobe, ƙofar wa zai buga? Wane ofishi, wace lamba? Ba wanda ya kira ya ba ni amsa. Amma lambar dillali, wallahi ko a tasha ka tambaya za a samo maka.

Shi ya sa nake cewa hana fitarwa daidai ne, amma shi kaɗai ihu ne bayan hari. Muna da dokar kare kayan gado tun 1997. Doka ba ta da ido. Ɗan duwan da bai iya bambanta dutsen sama da dutsen murhu ba, mi zai kama? Kuma mutumin da ya sha ƙishirwa ya tsinto abu, in ya san cewa kai shi ga hukuma yana nufin a ƙwace a ba shi godiya, zai bi ta inda babu shinge, kuma kun san tsawon iyakarmu ta arewa. Sai an ba shi ƙofa, an ba shi farashi na adalci, an rubuta sunansa cikin rajista a matsayin wanda ya samo.

Ga mai cewa wanga ilimi na ƙasashen da suka ƙoshi ne, ina so ya saurari labarin Sudan. A ranar 6 ga Oktoba 2008 wani mai duban sama a Amurka ya hango ɗan ƙaramin dutse yana nufo duniya. Karo na farko ke nan da aka ga irinsa kafin ya faɗo. Washegari da asuba ya fashe a saman hamadar Nubiya. Mi ya biyo baya? Wani malamin jami'ar Khartum, Muawia Shaddad, tare da wani masani daga Amurka, ya kwashi ɗalibansa a mota a watan Disamba suka tafi. Suka jeru sahu guda kamar masu neman allura, suna tafiya a ƙasa suna duba rairayi. Suka samu. Suka koma, suka sake komawa, har suka tara gutsattsari wajen 600. Dutsen ya ɗauki sunan tashar jirgin ƙasa ta wurin, Almahata Sitta, wato tasha ta shida. Sunayen ƴan Sudan suka fito a babbar mujallar kimiyya ta Nature a 2009. Sudan ta 2008 ta ƙoshi ne? Ba kumbo suka harba ba. Malami guda ne da ya san abin da ake nema, da ɗalibai, da man mota.

Maroko ma haka. Shekara da shekaru kasuwar duwatsun sama ce kawai, komi ya bi ta can ya wuce. Sai wata malamar jami'ar Hassan II ta Kasablanka, Hasnaa Chennaoui, ta tsaya a kan abin. Da dutsen Mars ya faɗo musu a Yulin 2011, ya ɗauki sunan garin Tissint, kuma sunanta ne a gaba a binciken da aka buga a kansa. A Senegal, Maram Kaire ya jagoranci aikin auna duwatsun sararin sama tare da NASA daga ƙasar Senegal, yau suna da hukumar sararin samaniya. Cheick Modibo Diarra na Mali ya yi aikin Mars Pathfinder kafin ya shiga siyasa. Dukansu lakkol irin tamu ta Faransanci suka yi.

Ba zan yi wa kowa ƙarya ba: guraben aiki a wanga fanni kaɗan ne, ko a Turai. Wanda ya ce maka ɗanka zai gama a ɗauke shi NASA, yaudararka yake. Amma ku dubi abin da ake koyo. Mai nazarin duniyoyi masanin duwatsu ne, ko na fizik, ko na sinadarai. Wanda ya iya yanka dutse siriri ya karanta shi a madubin bincike, shi ne kamfanin ma'adinai ke nema. Wanda ya iya karanta hoton tauraron ɗan adam ya gane tsohuwar hanyar ruwa a Mars, da idon nan ne zai gane inda ruwa ke kwance ƙarƙashin Damargu. Cibiyar AGRHYMET tana nan Yamai, da hotunan sama take bin damina da makiyaya da fari. To ga hatsin da mai kiran nan ke magana. Kuma ba daga sifiri za mu fara ba: akwai sashen ilimin duwatsu a jami'ar Abdou Moumouni, akwai EMIG, akwai jami'o'i a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Agadas. Mutanen da suka san uraniyom da zinariya da fetur ɗinmu, tazarar da ke tsakaninsu da dutsen sama ba ta da yawa. Shi kansa Abdou Moumouni Dioffo da jami'ar ke ɗauke da sunansa, masanin fizik ne da ya duƙufa kan hasken rana tun lokacin da ake ganin abin kamar wasa.

Iyaye, ku ma da naku. Yaro ya ci bak C ko D, sai mu ce likita, ko duwan, ko ya jira kwankur. In ya ce duwatsu yake so, sai a ce zai zama mai fasa tsakuwa. Wata ɗaliba ta aji na ƙarshe ta turo mini saƙo bayan shirin, ta ce tana so amma tana jin kunyar faɗa a gida. Ɗiyata, ga amsarki a bainar jama'a: riƙe lissafi da fizik da kyau, ki koyi Ingilishi don da shi ake buga binciken, ki shiga sashen duwatsu ko fizik, ki nemi mastar a inda ake wanga aiki, Maroko ma ta isa a fara. Ki nuna wa baba wanga rubutu, in ya ga dama ya kira ni.

Ku kuma ƙannena da ke jeji, in kun ga baƙin dutse mai nauyin da ya fi girmansa, mai fata kamar an ƙona: ku ɗauki hotonsa a inda yake kafin ku taɓa, ku aje lambobin wurin a salula, kada ku wanke shi. Kada kuma ku manna masa maganaɗisu. An gano cewa maganaɗisun hannu yana goge tarihin da ke cikin dutsen, abin da ya kwana miliyoyin shekaru sai ya tafi a daƙiƙa guda.

Miliyar ukun nan, ko kashi ɗaya cikin ɗari nata, miliyan 30 ke nan. Ban ce a gina kumbo ba. Burs ga ɗalibai biyu ko uku, madubin bincike da injin yanka dutse a jami'a guda, ɗaki mai makulli da rajista a gidan tarihi na Boubou Hama, da lamba guda da ɗan Jado zai iya kira. Duk jami'in da ya zo situdiyonmu kan maganar dutsen Agadas, na yi alkawari ba zan tambaye shi yaushe za a maido ba. Lambar nan zan tambaye shi, in ba shi alƙalami ya rubuta, in karanta wa masu saurare sau biyu.