Kwal Ɗin Enugu: Ina Aka Kwana?

Da wuya yaranmu na yau su san cewa jirgin ƙasan da ya riƙa kwasar gyaɗa daga Kano zuwa bakin teku, da kwal ɗin Enugu yake tafiya. A 1909 aka gano kwal a tsaunukan Udi, kuma a 1916 hanyar dogo ta haɗa wurin da Fatakwal domin fitar da shi. Garin Enugu kansa albarkacin kwal ya kafu.

Ba a sauƙaƙe aka ci wannan arziki ba. Ranar 18 ga Nuwamba 1949, 'yan sandan mulkin mallaka suka buɗe wuta a kan ma'aikatan ramin Iva Valley masu neman hakkinsu, suka kashe mutum 21. A 1950 aka kafa Hukumar Kwal ta Nijeriya, kafin ƙarshen shekarun 1950 kuwa ana haƙo fiye da tan 900,000 a shekara.

Daga nan al'amari ya soma sukurkucewa. Hukumar jiragen ƙasa, wadda ita ce babbar mai saye, ta koma amfani da dizal. Man fetur ya fito, hankalin mahukunta ya koma can. A lokacin yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970, aka bar ramukan, ruwa ya cika su. Injinan da aka sayo daga Poland bayan yaƙin ba su dace da ramukan ba. A farkon shekarun 2000 haƙar Hukumar ta tsaya cak.

Mu ba mu ce a dawo da jirgi mai hayaƙi ba. Zamani riga ne. Abin da ya dame mu shi ne mutanen da suka ƙare ƙuruciyarsu a ƙarƙashin ƙasa suna shaƙar ƙura, aka bar su suna bin kuɗin fansho ofis-ofis.

Maganar ta zo ƙofar gidanmu, domin akwai kwal a Maiganga ta Jihar Gombe da Okaba ta Jihar Kogi, kamfanonin siminti kuma suna bukatarsa. Muna kira ga gwamnatocin jihohin nan da sarakunan yankin: tun ramin yana kawo kuɗi, a rubuta a takarda wa zai ba ƙauyukan ruwan sha, wa zai biya diyyar gonaki, wa zai cike ramin ranar da aka tashi, a kuma ware kuɗin sallamar leburori tun yanzu.