Ƙaramar kwamfuta da zafin bazara: ina za a ɗaura fanka?

Filinmu na wannan mako ya shafi aljihun duk ɗan kasuwa ko ma'aikacin biro da ke son a haɗa masa kwamfutar tebur, irin ƙananan nan da ba su cin wuri. Tun shekarar 2001 da kamfanin VIA ya fito da allon Mini-ITX, mai santimita 17 a kowane gefe, akwatin kwamfuta yake ta ƙanƙancewa. Abin sha'awa ne a ido. Amma duk kuran ɗin da injin ya ci zafi yake komawa, kuma ƙaramin akwati ya fi saurin cika da shi.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne fanka ba ta yin sanyi, iskar ɗakin da take ciki ita take shigarwa. Masu gwada waɗannan injuna a Turai a ɗaki mai awo 20 zuwa 25 suke gwajinsu. Mu kuwa a Maraɗi, Damagaram ko Tawa, a watannin Afirilu da Mayu zafi yana wuce awo 40. Duk abin da ya ƙaru a ɗaki sai ya ƙaru a ƙwaƙwalwar injin, wadda idan ta kai wajen awo 95 zuwa 100 take rage saurinta da kanta don kada ta ƙone. Idan abin ya faskara sai ta ɗauke, lissafin da ba a adana ba ya bi ruwa. Ke nan tsarin da ya wadatar a Faransa ba lalle ya wadatar a nan ba.

Don haka kafin a biya kuɗin akwati, a zauna da mai haɗin a shata wa iska hanya: ta shiga ta gaba ko ta ƙasa, ta ratsa kan ƙwaƙwalwa da katin hoto, ta fita ta baya ko ta sama. Fanka biyu masu bin hanya ɗaya sun fi huɗu masu karo da juna. Iska tana fita ne ta fuskar da sandunan da ke riƙe da motar fankar suke, wasu ma akwai ƴar kibiya a gefensu, amma sau nawa ake ɗaura su a juye! A zaɓi mai milimita 120 ko 140 idan wuri ya yarda, domin ta fi mai 80 kawo iska, ba tare da ƙara mai yawa ba. Inda mai kaurin milimita 25 ba ta shiga, akwai siririya mai 15. A kuma auna tsawon ƙarfen sanyayar ƙwaƙwalwa tukuna, kada murfi ya ƙi rufuwa.

Sai maganar ƙura, wadda a ganinmu ita ce babbar abokiyar gaba, tun ba lokacin hunturu ba. Wasu masu haɗi sun fi son fankokin fitar da iska su rinjayi na shigarwa, wai zafi ya fi saurin fita. A ƙasarmu wannan ganganci ne, domin akwatin zai riƙa zuƙo ƙura ta kowace kafa. A bar na shigarwa su ɗan fi ƙarfi, a sa musu raga mai tace ƙura. Ta haka iska za ta riƙa fita ta kafofin, ƙura ba ta samu ƙofa ba.

Ragar kanta tana toshewa, don haka a cire ta a kakkaɓe akai-akai. Kada a ajiye injin a ƙasa, ko cikin kabad a rufe, ko a manne da bango, kada kuma a ɗora masa takardu a ka. Ranar da za a hure masa ƙura, a cire shi daga kuran, a danne fukafukan fanka da yatsa don kada su yi ta juyawa.