Hanyar Sabon Birni ta isa a yi mata fim, amma wa zai yi?

Shekaranjiya na kalli wani tsohon fim ɗin Amurka mai suna Detour, na 1945, marar kala, bai ma kai minti 70 ba. Irinsu ake kira noir: finafinan laifi masu duhu, yawanci da ɗan ƙaramin jari, kuma ba jarumin da zai zo ya ceci kowa. Labarin wani makaɗi ne da aka rage wa hanya, mai motar ya mutu, tsoro ya sa ya ɓoye gawar ya koma amfani da sunan mamacin, daga nan ya yi ta nutsewa. Wallahi ina kallo, hanyar garinmu nake tunawa.

Mu 'yan Gobir ba sai an koya mana tsoron hanya ba. A Disambar 2021 'yan bindiga suka ƙona matafiya fiye da 20 cikin mota a Gidan Bawa. A 2024 suka ɗauke Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanya, suka kashe shi. Allah ya jiƙansu. Amma nawa ne finafinan Kannywood da suka taɓa wannan ciwon?

Wasu za su ce ai doka ce. Gaskiya ne, a Satumbar 2021 Hukumar Tace Finafinai ta Kano ta hana nuna garkuwa da mutane da ƙwacen waya da shaye-shaye, don kada matasa su kwaikwaya. Ban raina hujjarsu ba. Sai dai ita ma Hollywood ta taɓa yin dokar tacewa mai tsauri daga 1934 zuwa 1968, wadda ta hana a nuna mai laifi ya sha. A ƙarƙashinta aka yi Detour, shi ya sa a ƙarshe 'yan sanda suka ɗauke gogan naka.

Darasin kenan. Ba fim ɗin Bello Turji riƙe da bindiga muke nema ba, wannan talla ce. Muna son labarin direban Isa da ke lissafin ko ya fita ko ya zauna. Ko yaron da yunwa ta mayar infoma, yana kallon maƙwabcinsa yana sayar da gona don haɗa kuɗin fansa. Mota ɗaya, ɗaki ɗaya, tocila, 'yan wasa uku, shi kenan fa!

In ba mu ba da labarinmu ba, bidiyon ɓarayin daji a TikTok ne zai ba da shi. Ku wane darakta kuke ganin zai iya?